Yadda Zoɓo Ya Shiga Lab ɗinmu

Sai da na shekara uku ina koyar da kimiyya a wata sakandaren gwamnati da ke bayan Gwarinpa kafin na taka cikin ɗakin gwaje-gwajenmu. Ɗakin yana nan, shi ne ma gini mafi kyau a makarantar, da fenti ruwan madara da tagogin gilashi da wani ƙaton kwaɗo a ƙofa. Wata ƙungiya ce ta gina shi ta zuba kaya tun kafin a turo ni. Yara suna ce masa lab, mu ma malamai haka muke ce masa. In baƙo ya zo, shugaban makaranta yakan kai shi bakin taga, su kare ido da hannu su leƙa, baƙon ya ce masha Allah, daga nan su wuce ofis.

Makullin yana aljihun shugaban, wanda kowa ke kira Oga. Dattijo ne mai kirki, bai taɓa yi wa malami tsawa a gaban ɗalibai ba. Ya kusa ritaya, kuma burinsa ɗaya ne, ya miƙa makarantar yadda ya karɓe ta ba tare da ko cokali ya lanƙwashe ba. A zangona na farko na je na roƙe shi makullin.

Ya ce, "Malama, me za ki yi a ciki?"

Na ce, "Gwaji, Oga. Mun zo kan darasin asid da alkali."

"Da yara za ki shiga?"

"Da su, ranka ya daɗe."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dube ni da tausayi. Ya ce, "Kin san kayan nan duk gilashi ne? Waɗanda suka ba mu za su dawo wata rana su ga yadda muka riƙe amana. Ki zana musu a allo. An ce kin iya zane."

Da ma ban iya ba, amma na koya. Kafin shekara ta ƙare na zama gwanar zana kwalbar gwaji. Ina da jan alli na harshen wuta, da shuɗi na ruwa. Sai in zana 'yar takardar litimos, wadda ake tsomawa a ruwa don a gane asid ne ko alkali, in ja kibiya, in rubuta cewa ta koma ja. Yara su kwafa, su haddace, su rera mini kamar karatun sallah. Ajina ya haura mutum tamanin, akwai Gbagyi, akwai Hausawa, Yarbawa, Ibo, Tibi, kowa da harshen gidansu. Da Turanci nake farawa, in na ga idanu sun yi nisa in juya Hausa, wadda kusan kowa ke ji ko da a karkace. Wani yaro ya taɓa rubuta mini a jarabawa cewa asid yana da tsami, alkali kuma shi ne mai yanke hukunci a kotu. Na soke amsar, amma na daɗe ina kallonta. Shi dai a duniya alƙali ɗaya ya taɓa gani da idonsa, kuma shi ya rubuta.

A shekara ta uku aka aiko takarda cewa za a yi wa malaman kimiyya bita ta kwana uku a wani otal a Maitama, kan inganta koyarwa a aji. Oga ya zaɓe ni. A Masaka nake zaune, don haka ina idar da sallar asuba nake fita, in sha cunkoson Mararraba da Nyanya, in isa Maitama da ƙura a takalmi, masu gadin manyan gidaje suna bina da kallo. An rubuta za a buɗe taro ƙarfe tara. Babban baƙo ya iso sha biyu da rabi. Mutum biyar suka yi jawabi, kowa ya ce ba zai tsawaita ba. Aka raba mana jaka da biro da littafin rubutu, aka ɗauki hoto, aka tafi cin abinci. Ranar farko ke nan.

Rana ta biyu masanin da aka ɗauko ya hau. Dakta ne, ya yi karatu a waje, yana da murya mai daɗi da majigi mai nuna hotunan yaran wata ƙasa sanye da fararen riguna suna murmushi. Saƙonsa shi ne, malami ya daina tsayawa gaban aji yana zuba surutu yara suna kwafa. A bar yaro ya taɓa, ya gwada, ya yi kuskure. Ya yi awa huɗu a tsaye yana bayyana mana wannan, mu kuma muna kwafa. Wani malami daga wajen Kwali ya ɗaga hannu ya ce, "Dakta, in ajinka mutum casa'in ne, kuma babu ruwa a makarantar, yaya za ka yi?" Dakta ya ce tambaya ce mai kyau ƙwarai. Ya ce a rubuta ta a 'yar takarda a manna a bango, za a dawo kanta. Har muka bar otal ɗin tana manne, kusa da makunnin fanka.

Da yamma aka raba mu rukuni-rukuni domin aikin hannu. Na gyara zama, na ce yau zan riƙe kwalbar gwaji ta gaske. Sai aka kawo kwali da alƙaluman launi, aka ce kowane rukuni ya zana gwajin da zai yi da ɗalibansa. Rukuninmu ya zo na ɗaya. Aka tafa mini.

Abin da na tsinta a bitar nan, a rana ta uku na tsince shi, kuma ba ya cikin jadawali. Wuta ta ɗauke, janareto ya ƙi tashi nan take, majigi ya mutu. Sai Dakta ya zauna a bakin tebur ya shiga hira kamar mutum. Ya ce lokacin da yake ɗalibi, wani malaminsu bai taɓa jiran kayan gwaji ba, da furen wani tsiro yake gane asid da alkali, don ruwan furen yana sauya launi. Ya faɗi sunan tsiron da Turanci. Matar da ke kusa da ni ta raɗa mini, "Zoɓo fa yake nufi." Kafin in ɗaga hannu wuta ta dawo. Dakta ya miƙe, ya gyara kwat, ya ce mu koma inda muka tsaya.

Ranar Asabar na sayi zoɓo a kasuwar Masaka na jiƙa a ruwan zafi, ban sa sukari ba. Na jera kofuna a kicin. Na matsa lemon tsami a na farko, ya yi ja wur, har ya fi na sha kyau. Na jiƙa kanwa na zuba a na biyu, sai ga shi ya rine ya koma kore mai duhu, kamar miyar kuka da ta kwana. Ni da na yi digiri a kan abin nan, na tsaya ina kallon kofi baki buɗe. Maigidana ya leƙo ya ce, "Wannan na sha ne ko na makaranta?" Na ce na makaranta ne. Ya ce to a riƙa rubutawa a jiki.

Ranar Litinin na ce wa 'yan ajina kowa ya zo da robar ruwa da aka shanye, da wani abu daga gida, ko lemo, ko tsamiya, ko sabulu, ko omo, duk abin da uwa ba za ta yi faɗa ba in an ɗiba. Akwai wata yarinya 'yar Gbagyi da ke zama a layin baya, doguwa, ba ta cika magana ba, iyayenta manoma ne a wani ƙauye da gidajen Gwarinpa suka kusa haɗiyewa. Ita ta zo da ruwan toka a galan, wanda mahaifiyarta ke tacewa don miya.

Muka fita ƙarƙashin bishiyar kashu, muka yanke robobi suka zama kofuna. Na raba su goma-goma, na ba kowane rukuni zoɓo. Ban gama bayani ba ihu ya tashi daga rukunin da suka zuba ruwan toka. Kowa ya ruga ya gani. Aka fara gardama. Wani ya ce sihiri ne, wata ta ce ai in ka zuba lemo jan zai dawo, aka ce ƙarya ne, aka gwada, jan ya dawo. Yarinyar nan mai shiru ita ce ta jera kofuna bakwai daga mafi ja zuwa mafi kore ba tare da kowa ya sa ta ba. Yaron nan mai alƙalin kotu ya tsoma yatsa a ruwan sabulu ya ce, "Ashe wannan ne shi."

Hayaniyar ta fito da Oga daga ofis. Ya ce, "Malama, suna ake yi?" Na nuna masa. Ya duba kofunan ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya ko akwai kayan makaranta a ciki. Na ce babu ko ɗaya. Fuskarsa ta saki. Ya ce in ci gaba, amma kada in rubuta kalmar zoɓo a littafin shirin darasi, don masu duba aiki za su ce muna dafe-dafe a lokacin karatu.

Bayan wata ɗaya takarda ta sake zuwa. Tawaga daga ma'aikata za ta zagaya makarantu ta ga yadda ake aiki da abin da aka koyo a Maitama, kuma sun ce suna son ganin darasi a cikin ɗakin gwaje-gwaje. Ranar ce Oga ya zaro makullin. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da aka ɗiga masa man gyaɗa.

Wari ne ya fara tarbar mu. Tebura dogaye masu kyau, kowanne da famfo da wurin wanke hannu, amma ba a taɓa haɗa famfunan da ruwa ba. Akwai murhunan gwaji, babu tukunyar gas. Na'urorin ƙara girman abu suna cikin ledarsu kamar kayan lefe. A kusurwa ɗaya rufi ya daɗe yana yoyo, kuma a daidai nan aka jibge kwalayen kayan gwaji. Gara ta ci rabinsu. Da na buɗe akwatin takardun litimos, na tarar sun jiƙe sun bushe ba sau ɗaya ba, sun koma fari-fari kamar tsohon rasit. Na tsoma ɗaya a ruwan lemo, ko gezau.

Na kai wa Oga. Ya juya takardar a hannu, ya ce, "Malama, manyan baƙi ba sa matsowa kusa. Daga bakin ƙofa suke tsayawa. Yaro ya tsoma, ya ɗaga, ya ce ta koma ja. Wa zai zo ya duba?"

Na ce, "Oga, ko mu yi da zoɓo?"

Ya ce, "A ɗakin nan? Gaban darakta? Ki rufa mini asiri, saura mini wata takwas."

Kwana biyu muna shara da wanki. Aka zaɓi yara ashirin masu tsabtar yunifom, aka sa musu fararen rigunan da muka tono daga kwali, masu warin ruma. Sauran sittin da wani abu aka ce su zauna a aji su yi tsit, kada wanda ya leƙo ko taga. Yarinyar nan ta shiga cikin ashirin ɗin ne kawai don akwai wata riga doguwa da ba ta yi wa kowa daidai ba sai ita. Muka ɓoye bokitan ruwa ƙarƙashin tebura. Muka yi gwajin wasan har sau shida. Na ji kunyar kaina, amma na yi, don ni ma ina da takardar ƙarin girma a teburin Oga.

Motoci uku suka zo. Shugabar tawagar wata Hajiya ce, darakta a ma'aikata, 'yar Arewa, mai tabarau da tattausar murya. Tare da ita akwai maza biyu masu riƙe da fayil da mai ɗaukar hoto. Mazan suka tsaya a bakin ƙofa kamar yadda Oga ya faɗa. Ita kuwa ta shigo har tsakiyar ɗaki, ta ajiye jakarta a kan tebur, ta ce ita ma kimiyyar haɗa sinadarai ta karanta a jami'a, kuma rabonta da warin lab tun lokacin. 

Yaron da muka horar ya tsoma takarda a kwalba, ya ɗaga ta sama, ya faɗa da Turanci mai kyau cewa kamar yadda kowa ke gani, takardar ta koma ja. Mazan bakin ƙofa suka gyaɗa kai, ɗaya ya yi maki a fayil. Hajiya ta miƙa hannu ta karɓi takardar, ta kai ta kusa da tabarau, ta juya ta.

Ta ce da Hausa, "Ɗana, ina jan?"

Yaron ya dube ni. Ni na dubi Oga. Oga ya dubi silin, daidai inda yake yoyo.

Sai muryar yarinyar nan ta fito daga baya. Ta ce, "Ma, wannan takarda ba ya aiki. Zoɓo ne yana aiki."

Hajiya ta ce, "Wane zoɓo?"

Ban ga amfanin ci gaba da wasan ba. Na ce, "Ranki ya daɗe, takardun sun lalace. Da zoɓo muka yi darasin nan, a waje, wata ɗaya da ya wuce." Ta tambaya ko akwai shi a kusa. Na ce akwai ragowa a kabad ɗina a ofishin malamai, da kanwa da lemo. Ta ce a ɗauko. Oga ya buɗe baki zai yi bayani, ta ce, "Bari mu gani tukuna, Malam."

Da aka kawo aka jiƙa, ba ni ta ce in yi ba. Sai ta kira yarinyar nan. Yarinyar ta naɗe hannun doguwar rigarta, ta jera kwalaben gilashin da aka yi shekaru ana tsaro, ta zuba zoɓo, ta ɗiga lemo a wannan, kanwa a wancan, tana bayani da Turanci da Hausa a cakuɗe. Hajiya ta gyara mayafi ta karɓi kwalba ta gwada da kanta, ta mayar da kore ja, ta sake mayar da shi kore, tana dariya ƙasa-ƙasa. Sannan ta tambaya, "Ajin nan mutum ashirin ne?" Oga ya ce sauran suna wani muhimmin aiki. Ta ce a kira su. Suka shigo suka cika ɗakin har kan tagogi, masu yagaggen yunifom da masu silifa, kowa yana son ya nuna abin da ya sani. Mai hoto ya rasa ta inda zai ɗauka babu silifa a ciki. Kwalba ɗaya ta faɗi ta fashe. Na ga Oga ya runtse ido, leɓensa yana motsi.

Bayan sati uku sanarwa ta zaga makarantu, shafi huɗu, da dogon suna na Turanci. Ta umarci malamai su riƙa amfani da albarkatun cikin gida masu nuna sauyin launi. Babu kalmar zoɓo a ciki ko sau ɗaya, don haka wata abokiyar aikina a wata makaranta ta bugo mini waya tana tambaya ko na san inda ake sayar da albarkatun. Oga ya sami takardar yabo, ya sa mata firam. A taron safe ya gaya wa ɗalibai cewa tun zuwansa makarantar yake da wannan hangen. Ni kuma aka yarje mini shiga lab Talata da Alhamis, shi yana zaune a kujera a bakin ƙofa yana jin duk wata ƙarar gilashi a jikinsa. Ruwa dai da bokiti muka ci gaba da kawowa.

Wata Laraba ina ofishin malamai aka ce ana sallama da ni. Na fito na ga wata mata siririya, ta sauke ƙwaryar kaya daga kafaɗa ta ajiye a gefe, yarinyar nan tana bayanta kai a sunkuye.

Matar ta ce, "Kai ne malamin zoɓo?"

Na ce, "Ni ce, Mama. Sannu da zuwa."

Ta ce ta dafa zoɓo babbar tukunya don bikin godiyar girbi a cocinsu, ta fita ɗebo itace, ta dawo ta tarar ya zama kore. 'Yarta ta zuba ruwan toka wai tana nuna wa ƙannenta. Na ba ta haƙuri, na shiga yi mata bayanin asid da alkali. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ita tun tana ƙarama ta san toka tana ɓata zoɓo, lemo yana gyara shi. Abin da ba ta sani ba shi ne wannan ne ake sa wa yara yunifom su je koyo. Ta tambaya ko zai fito a jarabawa. Na ce tambayar za ta fito, amma a kan takarda za a yi ta, ba zoɓo ba. Ta ce to, yarinyar ta riƙa yi a kofi, ta bar mata tukunya.

Har ta ɗauki kayanta sai ta juyo. Ta ce akwai gefen gonarta da doya ba ta yi, kuma yarinyar ta ce zoɓo zai iya faɗin abin da ke damun ƙasar. Na ce a kawo mu gwada. Ranar Alhamis yarinyar ta zo da ƙasa a leda biyu, ɗaya daga inda doya ke yi, ɗaya daga inda ba ta yi. Muka jiƙa, muka tace da tsumma, muka zuba zoɓo, aji duka ya yi cirko-cirko. Kwalaben biyu suka fito kusan launi ɗaya. Muka sake, haka dai. Na ce wa yara gwajinmu bai nuna komai ba, kuma ban san dalili ba. Muka yi sauran lokacin suna kawo nasu zato, wannan ya ce inuwa, wancan ya ce tsutsa, wata ta ce a tambaya ko ruwa yana kwanciya a wurin. Na rubuta tambayoyin na ba yarinyar ta kai gida.

Ranar Litinin ta kawo amsa tare da doya biyu. Mama ta ce a gaishe ni. Ta ce ruwa ne ke kwanciya a wurin duk damina, ita ta daɗe da sanin haka, so take ta ga ko makaranta ta sani.